Haya a Birnin Kebbi: cikin gari ko sabbin unguwanni?

Ɗan yayata ya samu aiki a Birnin Kebbi, an kuma sa ranar aurensa bayan babbar Sallah. Wata Asabar ya iske ni da hotunan gidaje biyu a waya. Na farko ɗaki biyu ne da falo can ta hanyar Kalgo, sabo fil, tayil har bayi, ga ƙofar ƙarfe mai fentin ruwan zinare. Na biyu sashe ne a wani tsohon gida wajen Makera Gandu, ciki da falo da 'yar tsakar gida, ƙofar zauren sai ka sunkuya. Kuɗin shekara kusan ɗaya ne. Ya ɗora yatsa kan mai tayil ya ce, "Kawu, ai wannan ba ya buƙatar shawara, ko?" Na ce, "Ɗana, a wane wata aka ɗauki hoton nan?" Ya ce Disamba. Na ce to ba ka ga gidan ba tukuna.

Na zauna a iri biyun, shekara shida a cikin gari, huɗu a sabuwar unguwa. Abin da na gaya masa ran nan shi zan maimaita, da ƙarin abin da bakina bai kai gare shi ba. Kuɗin da dillali ke faɗa maka ba shi ne kuɗin gida ba. Sauran suna ɓoye a tankin babur, da kurar mai ruwa, da daren Afrilu.

Garin nan fuska biyu gare shi. Akwai tsohon birni, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci da yaƙi a 1805, daga baya ya zama mazaunin Sarkin Gwandu. Shi ne shiyyoyin da ke kewaye da fada, irin su Shiyar Fada da Takalau da Makera Gandu, inda lungu ke bin gida duk inda ya karkata. Akwai kuma garin da aka haifa ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ma'aikata suka kwaso komatsansu suka dawo, gonaki suka koma fuloti. Gwadangaji da Kalgo tsofaffin garuruwa ne, amma gidajen hayar da suka cike tsakaninsu da birni duk 'ya'yan wannan rana ce, kuma jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 ta ƙara ja musu mutane. Wanda ya gina tsohon gida don ya zauna ciki da iyalinsa ya gina. Wanda ya gina sabon, sau da yawa don ya karɓi haya ne. Kusan duk bambancin da zan faɗa daga nan ya samo asali.

Zan fara da zafi, don shi ne ainihin mai gida a garin nan, mu duka a ƙarƙashinsa muke haya. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura 40 da rana ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Ginin ƙasa na da bangonsa kauri gare shi, wani ya kusa kamu biyu a gindi, rufin kuma azarar giginya ce da ƙasa a kai. Rana na dukansa tun hantsi, amma kafin zafin ya ratsa ya iso ciki yamma ta yi. Shi ya sa ka shiga soro da azahar sai ka ji kamar ka leƙa randa. Matsalarsa dare: bangon nan yakan fara amayar da abin da ya sha, ɗaki ya ƙi kwantuwa. Magina na da sun san haka sarai, ba su kuwa yi gardama da shi ba, sai suka bar tsakar gida. Wata uku cur tsakar gida ce ɗakin kwana. A yayyafa mata ruwa bayan magariba, a shimfiɗa tabarma, a ɗaura gidan sauro daga turken igiyar shanya zuwa ƙusar bango, zaure kuma ya tsare idon na waje.

Bulon siminti da kwano akasin haka suke. Bulo mai inci 6 ko 9 rami ne a cikinsa, kwano kuwa ba ya ɓoye komai, yadda rana ta ba shi haka yake miƙo maka. Kirkinsu ɗaya, suna saurin hucewa da dare, in har iska ta samu ƙofar shiga da ta fita. To a nan ake yin ta. Mai fuloti yana son gida huɗu a wurin da ya kamata a yi biyu, sai ka ga tagar ɗakin kwana tana kallon katanga, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Filin da ya rage an malale shi da siminti don ajiye mota, ko dogon yaro ɗaya ba a bari ba.

Afrilunmu na farko a irin wannan gida ba na manta shi. Ƙarfe ɗayan dare aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Na ja katifa waje na shimfiɗa kusa da babur, na tarar maƙwabtana maza uku sun riga ni, kowa da singileti. Uwargida fa? Fili ɗaya ne na gida huɗu, ba ta da inda za ta kwanta a gaban mazan mutane. Tana ciki da jariri, ta jiƙa zani ta rataya a taga, tana masa fifita da murfin kwali har asuba. Da safe ba ta ce mini komai ba, sai da ta aje mini koko ta ce, "Maigida, tayil ɗin nan dai ba ya fifita." Tun ran nan in zan duba gida tambayata ta farko ita ce: ina mace za ta kwanta a waje?

Kar dai a ɗauka duk gidan cikin gari soro ne. Da yawa an fasa rufin ƙasar an buga kwano, an shafe bango da siminti. Ɗaki gajere mai kwano ba silin da 'yar taga ɗaya ya fi kowane gida azaba, ya haɗa sharrin biyun ya bar alherinsu. Haka a sabbin unguwanni akwai masu ginin da suka yi abin kirki: silin mai tsawo, taga a bango biyu, baranda mai inuwa. Hanyar ganewa ba wuya. Ka je da ƙarfe uku na rana, kar ka yarda da ziyarar safe da dillalai ke so. Ka dafa bangon ɗakin kwana da tafin hannunka. In yamma yake kallo ba abin da ya kare shi, ka san abin da ka saya. Iskar bazara daga kudu maso yamma take zuwa, don haka taga ta kudu da wata a arewa sun fi maka fanka biyu.

Agusta na shigowa sai lissafi ya juye. Ginin ƙasa yana son hidima kamar doki: yaɓe kafin ruwa ya sauka, gyaran indararo, toshe tsaga a rufi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ke shan duka, shi za ka fara zagayawa ka duba. In ka ga gindinsa ya zaizaye ko ya kumbura, ka tambayi wa ke gyara, kai ko mai gida, a kuma rubuta amsar a takardar yarjejeniya. Wannan ba maganar kwalliya ba ce, soro da aka yi wa sakaci yakan faɗo kan mutane cikin dare. A sabuwar unguwa ginin ba abin da zai same shi, hanyar zuwa gare shi ce ke ɓacewa. Fulotan nan jiya-jiya gonaki ne, wasu ma hanyar ruwa ce, an gina gidaje kafin a yi magudana. Wanda ya ga yadda gulbi ya cika ya shafe gonakin shinkafa a daminar 2020 ba ya raina ƙasa mai kwari. Ka dubi katangar maƙwabta daga waje, ruwa yakan bar layinsa a jiki, kore-kore ko baƙi-baƙi, kuma fenti sabo a gindin katanga kaɗai abin tuhuma ne. Kar ka tambayi dillali ko ruwa na kwanciya. Ka sayi ruwan leda wurin mai shagon layin ka tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Sauro kam bai san cikin gari ko waje ba. Can kwata, nan kududdufi. Binciken ƙasa na 2021 kan zazzaɓin cizon sauro ya samu cutar a jinin yara 49 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi, ba jihar da ta kai haka. Duk gidan da ka zaɓa, ragar taga da gidan sauro suna cikin kayan ɗaki, ba sai an yi haihuwa ba.

Yanzu zirga-zirga, wadda ita ce ta fi cin mutane ba su sani ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Gidajen bayan gari da yawa an gina su, an kuma saba kama su, da lissafin tsohon farashi. Garin kuwa ba jirgin ƙasa ba wata doguwar bas mai bin unguwa-unguwa da za ka dogara da ita. Kabu-kabu ne da keke napep, sai ƙafarka. A cikin gari kana fitowa bakin titi ka samu keke, ku cika shi ku raba kuɗin. A sabuwar unguwa sai ka taka zuwa kwalta tukuna, in kuma kana son a kai ka ƙofar gida to shata ce, kai kaɗai za ka biya, mai keken ma yana lissafin zai dawo ba kowa. Bayan isha'i kuwa sai wanda kake da lambarsa.

Na sa yaron ya ɗauki biro. Na ce mu ƙaddara naira 500 zuwa, 500 dawowa, misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Kwana 22 na aiki ya zama 22,000 a wata, 264,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan, wanda Gwamna Nasir Idris ya sa wa hannu a 2024, naira 75,000 ne. Ka ga kusan kashi uku cikin goma sun tafi a titi, kuma mutum ɗaya muka lissafa. Ba mu sa amarya ba, da zuwa awo, da gidan suna, da gaishe da iyaye, da ranar da za a fara kai yaro makaranta. Ya yi shiru yana kallon takardar.

Amma fa nisa daga ina? Wannan ita ce tambayar da ke iya kifar da duk abin da na faɗa. In aikinka a jami'a yake, can hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko a asibitin Kalgo, to cikin gari ne ya zama bayan gari a wurinka. Mai aiki a sakatariyar Gwadangaji ko filin jirgin sama na Ambursa shi ma nasa gefen daban. Ka auna daga ƙofar ofis, ba daga fadar sarki ba. Mai mota kuma ya sani lungunan tsohon gari ba don ita aka yi su ba. Zai kwana yana tunanin madubinta a bakin titi, ko ya riƙa biyan mai gadi.

Ruwa da wuta da abinci sarƙa ɗaya ce, in ka ja ɗaya sauran su biyo. A cikin gari ba ka buƙatar ajiya. Da safe ga mai ƙosai da koko a bakin lungu, ga mai waina, da hantsi Fulani sun shigo da nono, da yamma yara na yawo da kifi soyayye da tafasa. Shinkafa 'yar gida a awo, albasar Aliero a kashi, busasshen kifin Yawuri na miya ɗaya, kayan miya na yau kaɗai. Ranar 25 ga wata, aljihu ya yi fayau, mai shagon da ya san kakanka ko ya san mai gidanka zai buɗe maka littafi. Firij a nan marmari ne. A sabuwar unguwa kasuwa tafiya ce, don haka sayen sari za ka yi, sari na son firij, firij na son wuta, wuta kuwa ba ta da alkawari, sai ka tsinci kanka kana tambayar kuɗin sola da batir. Ruwan ma haka. Inda bututun ruwan Dukku ya kai, ko akwai rijiya a gida, ko masu kura na wucewa kowane lokaci, jarkar lita 25 ba ta tsada sosai. Inda sai rijiyar burtsatse, injinta ma wutar yake jira, ranar da babu sai a kira mai ruwa daga nesa, kuma nisan a kanka zai fanshe.

Ga abin da zan yaba wa sabbin gidaje ba tare da rowa ba: yawanci kowa da mitarsa. Ka sa katinka, ka sha abinka. Wanda bai taɓa zama gidan haya mai mita ɗaya ba, ana raba kuɗin wuta ana ƙirga wa ke da dutsen guga wa ke da abin dafa ruwa, bai san darajar wannan ba. Ni saboda rigimar kuɗin wuta na yi wata biyu ba ma gaisawa da wani bawan Allah da muke sahu ɗaya a masallaci.

Wannan ya kawo ni kan mutane. Cikin gari ba ka kaɗaita, ko kana so ko ba ka so. Ranar da naƙuda ta kama uwargida ƙarfe biyun dare, kafin in gama neman takalmi tsohuwar da ke sashen gaba ta shigo da mayafinta tana cewa, "Kai yaro, je ka tado mai keke, bar mana nan." Asibitin Sir Yahaya kuwa ga shi nan cikin gari. Ka yi tafiya, gidanka na da idanu ashirin. Amma idanun nan ba sa rufewa in ka dawo. Za a san abin da aka dafa, da wanda ya zo, da ranar da kuka yi sa-in-sa. Amarya 'yar boko da ba ta saba ba tana iya ganin kamar a kasuwa aka aje ta. Ga ƙarar injin niƙa, ga kwatar maƙwabci da ke bi ta ƙofarka, ga shara. In kuma bayi na haɗaka ne, ni dai ban ba sabon aure shawara ba ko kyauta aka ba shi.

Sabuwar unguwa ta ba ka sirri da shiru, ka rufe ƙofa ba mai ƙwanƙwasawa. Kuɗin shirun shi ne da rana layin duk ma'aikata ne, kowa ya fita, ga kangwaye da ba a gama ba a kowane gefe, sai ku haɗa kuɗin 'yan sintiri duk wata. Matar da ba ta aiki takan wuni ba ta ji sallamar kowa ba. Wasu matan haka suke so, wasu kuwa wata uku sun fara ramewa. Wannan ba kai za ka yanke ba, ita za ka tambaya, kuma ka sa gwaggonta ko yayarta ta je ta ga gidan da idonta. Mata na ganin abin da mu ba ma gani: inda za a yi shanya, inda hayaƙi zai bi, inda ruwan wanke-wanke zai fita.

Da za a matsa mini in yanke hukunci, ga shi. Mai ƙaramin albashi da ba shi da abin hawa, aikinsa kuma a cikin birni, ya kama cikin gari ko unguwannin da suka riga suka cika kamar Nassarawa, Rafin Atiku, Tudun Wada da Badariya, muddin sashen na da bayinsa da tsakar gidansa. A irin waɗannan ma akan dace da ginin bulo mai zaure da fili, wanda a ganina ya fi duka biyun da muke gardama a kai. Mai babur yana da zaɓi, sai ya bi inda ya fi kusa da aiki. Wanda ke da mota, yana iya sa sola, matarsa ma tana fita aiki, ko aikinsa na gefen Kalgo, sabuwar unguwa ta fi masa, ba kuwa ƙaramin fi ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne na tsakiya: mai albashin cikin gari da idon bayan gari, wanda zai zuba duk abin da ya tara a hayar shekara da la'adar dillali, ya shiga gida mai tayil ba ko kuɗin jarka goma.

Ɗan yayata ya je gidan hanyar Kalgo ranar wata Talata da ƙarfe uku, ya kira ni daga cikin ɗakin kwanan. Ya ce, "Kawu, bangon kamar an sauke tukunya." Na ce tagar fa? Ya ce katanga take kallo. Bai haƙura nan take ba, sai da ya nemi sashen da ke ɗaya gefen, aka ce an riga an kama. Ofishinsu a cikin birni yake, don haka ya koma wa tsohon gidan, shekara ɗaya tukuna. Hajiya mai gidan ta yarda a rubuta cewa yaɓen bangon gabas nata ne. Gwaggon amarya ta zo ta zagaya, ta leƙa rijiya, ta ce tsakar gidan ta yi, amma 'yarta ba za ta tare ba sai an sa wa bayi tayil an kuma canza masa ƙofa. An sa. Yanzu adashin babur yake zubi, kwasarsa sai Nuwamba.